TAUYE MUDU YA SHIGA LEDA DA GWANGWANI

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a wani taro na magidanta da 'yan kasuwa a Zungur ta ƙasar Bauchi, sa'ad da 'yan ci-rani suka komo gida hutun Salla. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Zama irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Bauchi. Tun farkon shekarun 1940 su marigayi Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke taruwa cikin garin Bauchi suna tattauna abin da ya dami talakawa. Mu ma sawunsu muka bi yau. An nemi in yi magana a kan tsadar rayuwa. To, wannan magana ce mai faɗi, yini guda ba ya isarta, saboda haka na zaɓi reshe ɗaya daga cikinta wanda kowa yake fama da shi amma ba a cika kiran sunansa ba.

Jama'a, tsada iri biyu ce. Akwai mai sallama, watau ka je wurin mai tireda ya gaya maka cewa sabulun da ka saya Naira 300 jiya, yau ya koma Naira 400. Ranka zai ɓaci, amma ka san abin da ya same ka. In ka ga dama ka saya, in ka ga dama ka fasa. Akwai kuma wadda ba ta sallama. Ita wannan, kuɗin kaya yana nan inda ka san shi, takardar da aka naɗe shi tana nan da launinta da sunanta, sai dai abin da ke ciki ya ragu, ba wanda ya ce maka uffan. Masana tattalin arziki na Turai sun ƙago mata sabon suna cikin 'yan shekarun nan. Mu kuwa iyayenmu sun daɗe da raɗa mata nata. Tauye mudu suke kiranta.

YADDA AKE RAGE KAYAN

Hanya ta farko ita ce rage nauyi. A bar leda yadda take, a rage garin madara ko garin sabulu ko tumatirin da ke cikinta, a cike gurbin da iska don ta yi tsaye ta cika ido. A tura gindin kwalba ciki, ko a matse ƙugunta, tsawonta yana nan amma cikinta ya ƙanƙance. A rarake tsakiyar sabulun wanka kaɗan, a ce wai don ya yi daɗin riƙo.

Hanya ta biyu ita ce rage adadi. Wane ne a cikinmu ya taɓa zama ya ƙidaya tsinken ashana a kwali, ko ƙwayar sukari, ko biskit a fakiti? Masu shayi ne kaɗai suke yi, su kuwa ku tambaye su ku ji labari. Haka nan kukan da ake ta yi a kan kifin gwangwani, cewa mutum ya buɗe ya tarar da mai ya fi kifin yawa.

Hanya ta uku ta fi sauran wuyar ganewa, watau rage inganci. Nauyi yana nan daidai, amma an sauya haɗin. An ƙara ruwa, ko an cire abu mai tsada an sa mai araha a madadinsa. Ga burodi ya kumbura ya cika leda, in ka matse shi sai ya shige tafin hannu. Ga sabulu da ya saba yin mako biyu, yanzu kwana takwas ya narke.

Kada kuwa mu ɗauka a kan kayan masana'anta abin ya tsaya. Masar Bauchi da muke alfahari da ita ko'ina a Nijeriya, ku dubi girmanta yau ku tuna da girmanta shekara goma da suka wuce. Ku dubi ƙosai da ƙuli-ƙuli da tsinken tsire. Ku shiga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ku dubi kashin tumatir da na tattasai. Gyara ma, wadda a da mai sayarwa kan ɗora maka ko ba ka roƙa ba, yau sai ka roƙa, in ka roƙa kuma a ce maka ba riba.

LISSAFIN DA BA A SO KA YI

Bari mu buga misali da ƙididdiga mai sauƙi. A ce ga ƙunshin garin sabulu mai nauyin giram 500, ana sayar da shi Naira 1,000. Ke nan kowane giram ɗaya ya kama Naira 2. Sai aka mai da shi giram 400, aka bar kuɗinsa a Naira 1,000. Yanzu kowane giram ya koma Naira 2 da kwabo 50. An rage maka kashi 20 cikin ɗari na kaya, amma ƙarin kuɗin da ya hau kanka kashi 25 ne cikin ɗari. Da a fili aka fito aka ce ƙunshin Naira 1,000 ya koma Naira 1,250, da kasuwa ta ɗauki ƙara. Da aka bi ta bayan gida kuwa, sai kowa ya biya ya kama gabansa.

Gidan da ƙunshi huɗu suke isarsa a wata, yanzu sai ya sayi biyar. Ku haɗa wannan da madara da taliya da man girki da dunƙulen miya da burodi, sa'an nan za ku gane dalilin da ya sa cefanen wata yake ƙarewa ran ashirin.

A nan ne abin ya fi ba ni tsoro, domin yana shiga tsakanin miji da mata. Mutum yana Agege ko Idi-Araba yana gadi ko tura kura, ya matse cikinsa ya aiko da abin da ya saba aikowa. Ya tambayi farashi, an ce masa bai motsa ba. Bayan mako uku uwargida ta bugo waya ta ce kaya sun ƙare. Me zai zo masa a rai? Sai ya ce almubazzaranci ne, ko kuwa ana kwasa ana kai wa dangi. Ita kuma ta rantse ba ta sauya hannu ba. Dukansu gaskiya suka faɗa. Wanda ya ci kuɗin yana can nesa, bai san ma ana yi ba. Maigida, kafin ka zargi iyalinka, ɗauki ledar ka karanta abin da aka rubuta a gindinta.

ME YA KAWO HAKA?

Ruwa ba ya tsami banza. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Cikin Yuni 2023 aka saki Naira a kasuwar canji. Dalar Amurka da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta wuce Naira 1,500 cikin Fabrairu 2024. Alkamar da ake yin fulawa da taliya da ita kuwa, kusan dukkanta daga waje ake sayo ta, haka ma mafi yawan garin madara, ga shi yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya riga ya ta da kuɗin alkama a duniya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yuni 2024, ta kayan masarufi gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.80 a Disamba 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 cikin Yuli 2024, amma mai gadi da mai wankin takalmi da ɗan dako ba su cikin wannan lissafi.

Masu masana'antu su ma sun ji jiki. A 2023 kamfanin Unilever ya daina yin sabulun wanki da na wanka a ƙasar nan, kamfanin Procter & Gamble kuma ya ba da sanarwar rufe aikin ƙira a Nijeriya. Waɗanda suka rage, hanya biyu ce a gabansu: su ƙara kuɗi ko su rage kaya. Da yawa sun yi duka biyun.

Akwai wani dalili kuma da ba a cika lura da shi ba, watau matsalar canji. Dattawan da ke nan sun tuna Janairun 1973, sa'ad da Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A wancan zamani ɗan kasuwa yana iya ƙara kwabo ɗaya ko biyu. Yau kwabo ya ɓace daga hannun mutane, Naira 5 da Naira 10 da Naira 20 kuwa da wuya su sayi wani abu, da wuya ma a same su. Farashi ba ya iya takawa a hankali, sai dai ya yi tsalle daga 50 zuwa 100, daga 100 zuwa 150 ko 200. Mai masa ta san yaro da Naira 100 zai zo mata. In ta ce masa 130, ina za ta samo canjin 70 in ya kawo 200? Sai ta rage ludayi. Abin da take yi a bakin tanda, shi babban kamfani yake yi da injinsa.

Daɗin daɗawa, sun san halinmu. Ido yana riƙe farashi, ba ya riƙe nauyi. Tambayi kowa a wurin nan nawa ne gwangwanin madara, zai gaya maka nan take. Tambaye shi giram nawa ne a ciki, sai ya yi shiru.

Ba na cewa duk wanda ya rage kaya azzalumi ne. Wanda kuɗin fulawa ya ninka a hannunsa ba zai sayar da burodi a faɗuwa ba. Abin da muke kuka da shi shi ne ɓoyewa. In ka rage, ka faɗa. Ciniki da yardar juna ake yinsa, yarda kuwa ba ta tabbata sai mai saye ya san abin da ya saya. Har ila yau muna da tambaya: kuɗin masara da gero da shinkafa ya sauka a kasuwannin Arewa cikin 2025, har manoma suna kuka. Wa ya ga masa ko burodi sun koma girmansu na da?

ARAHAR LEDA

A 1993 aka shigo da madarar Cowbell ƙasar nan cikin 'yan ƙananan ledoji, wanda bai iya sayen gwangwani ba ya sami ta kofi ɗaya. Daga nan kusan kome ya shiga leda: garin sabulu, man girki, tumatir, man goge baki, har ruwan sha. Wannan dabara ta taimaki talaka, ba mai musun haka. Amma tana da kuɗinta. Sau da yawa in ka tara 'yan ledojin da ka saya cikin wata ka gwada nauyinsu da babban ƙunshi ɗaya, sai ka ga kai ne ka fi biya, domin kowace rana kana sayen leda tare da abin da ke cikinta. A ƙaramar leda kuma ragi ya fi sauƙin ɓoyewa. In an cire giram 2 daga giram 14, kashi ɗaya cikin bakwai ke nan ya tafi, hannu kuwa ba ya jin bambancin. Ɗan ci-rani, wanda kullum daga hannu sai baka, ba shi da ɗakin ajiya, shi ne babban mai sayen leda. Ke nan shi abin ya fi ci.

MUDUN GIDA DA MUDUN KURMI

Kakanninmu ba su ɗauki maganar awo da wasa ba. Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin cewa akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo, kuma wannan laifi yana cikin abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu. A Daular Sakkwato akwai muƙamin muhtasibi, wanda duba mudu da sikeli yana cikin aikinsa. A kasuwanninmu na gargajiya akwai Sarkin Kasuwa, akwai Sarkin Awo, akwai Korama mai shugabancin mata ma'auna. In an kama kwanon da aka buge wa gindi ko aka datse wa baki, a bainar jama'a ake kunyata mai shi. Mai tauye mudu na wancan zamani yana zaune a gabanka, ka san sunansa, ka san gidan ubansa. Na yau yana cikin ofis a wani gari, tsakaninka da shi akwai dila da direba da mai tireda.

Ku da kuke zaune a Kurmi kun san wani ruɗanin kuma. Mu a nan da mudu da tiya muke awo. A Badun da kongo ake yi. A Ikko da derika ake yi, wadda asalinta gwangwanin tumatirin De Rica ne, sai kuma robar fenti. A Gabas kuwa da gwangwanin sigari da na madara. Wasu daga cikin waɗannan ma'aunai aro ne daga kayan masana'anta, ba wanda ya buga musu hatimi. In kamfani ya ƙanƙantar da gwangwaninsa, sabon gwangwanin ya faɗa hannun mai awon shinkafa, to ma'auni ya ragu ke nan ba tare da ta taɓa shi da guduma ba. Ragi ɗaya ya haifi na biyu.

Manominmu na Zungur kuwa sau biyu ake cinsa. Ran da zai sayar da masara ko dawa a kasuwar ƙauye irin ta Liman Katagum, da babban kwano ake auna masa, a tula har ya zuba, a ɗinka wa buhu kai. Ran da zai sayi taki ko sukari ko shinkafa, sai a miƙo masa buhun da aka rubuta kilo 50, shi kuwa ba shi da sikelin da zai gwada. Shiga da ƙaramin mudu, fita da babba, yaushe rumbu zai cika?

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Kada ku zaci mu kaɗai ne. A Ingila cikin 2016 masu yin cakulan Toblerone suka buɗa tazarar da ke tsakanin haƙoransa, mai giram 170 ya koma 150, mai giram 400 ya koma 360. Mutanen ƙasar suka yi ca a jaridu da rediyo, har a 2018 kamfanin ya mai da shi siffarsa ta da, ko da yake ya ƙara kuɗi. Ofishin ƙididdiga na Ingila ya bi sawu ya gano kaya iri 206 da aka rage wa girma tsakanin Satumba 2015 da Yuni 2017. A Faransa, tun daga ran 1 ga Yuli 2024, doka ta wajabta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa a jikin kanta har wata biyu, su bayyana cewa wannan kaya an rage shi kuma kuɗin kilonsa ya hau. A Barazil kamfanin ne da kansa zai rubuta a fuskar ƙunshin, nawa ne a da, nawa ne yanzu, har wata shida. Ku lura, ba ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta hana ragi. Abin da Faransa da Barazil suka hana shi ne yinsa a ɓoye.

INA DOKARMU?

Mu ma ba a rasa doka ba. Akwai Dokar Awo da Ma'auni ta 1974, akwai kuma sashe guda a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya wanda aikinsa ne ya duba sikeli da famfon gidan mai. Akwai Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, wadda ƙa'idodinta suka wajabta a rubuta nauyi ko yawan abin da ke cikin kowane ƙunshin abinci. Akwai Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokarta ta fara aiki a 2019. Ita ce cikin Fabrairu 2024 ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya.

Inda gizo yake saƙar shi ne nan. Wanda ya rubuta kilo 50 ya zuba 46, ya karya doka, ana iya kama shi. Amma wanda ya goge 500 ya rubuta 400 da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe a bayan leda, da wuya a ce ya yi laifi, tun da abin da ya rubuta shi ya zuba. Ya dogara ne ga cewa ba za ka karanta ba. A ƙasar da mutane da yawa ba su yi karatun boko ba, wannan dogaro nasa ba ya cika ba shi kunya. Tilasta farashi kuwa mun gwada shi, tun daga hukumar ƙayyade farashi ta shekarun 1970 har zuwa layin madara da sukari da sabulu na 1984, abin da ya haifar shi ne ɓoye kaya da kasuwar bayan fage. Saboda haka ba shi muke nema ba. Bayani muke nema.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na farko, ga mai saye. Ka ƙara tambaya ɗaya a kan wadda ka saba. Bayan ka ce nawa ne, ka ce nawa ne nauyinsa. In ba ka iya karatu ba, ɗanka ɗan firamare ya iya. Lamba ce da harafi ɗaya ko biyu. Ka ajiye tsohuwar leda ko kwali ɗaya na abin da gidanka ya fi ci, bayan wata uku ka gwada da sabo. Ka raba kuɗi da nauyi, wayar hannunka tana yin wannan lissafi. Wani lokaci babban ƙunshi ne ya fi sauƙi, wani lokaci ƙarami, sai ka gwada za ka sani.

Na biyu, ku haɗa hannu. Mutum biyar ko goma da suke kwana ɗaki ɗaya ko shago ɗaya a Obalende ko Sabon Badun, in suka tara kuɗi suka sayi buhu ko katan suka raba, sun kuɓuta daga kuɗin leda. Haka iyalan da aka bari a gida. Maimakon kowa ya aiko wa gidansa a yi ta awon kwano-kwano, gidaje huɗu su sayi buhu guda da kaka, a auna shi a kan sikeli kafin a biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ga shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na Kurmi. Sikeli ɗaya mai gaskiya a bakin kowace kasuwa, wanda kowa zai iya ɗora buhunsa a kai kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya fi wa'azi ɗari. Kuɗinsa bai kai na ragon Salla ba. A kuma ajiye kwano ɗaya na gwaji a hannun Sarkin Kasuwa, wanda za a riƙa gwada na kowa da shi.

Na huɗu, ga hukuma. Muna roƙon wakilanmu na Majalisar Tarayya su kai ƙudurin da zai tilasta wa duk kamfanin da ya rage kaya ya rubuta haka da manyan baƙaƙe a fuskar ƙunshi har wata shida, manyan kantuna kuma su riƙa nuna kuɗin kilo ko na lita kusa da kuɗin kaya. Hukumar Ƙididdiga ta riƙa buga jerin kayan da aka rage, a karanta shi a rediyo da Hausa. A ƙara ma'aikatan awo, su riƙa leƙa kasuwannin ƙauye da kaka da kuma lokacin sayar da taki. Mu kuma mu koyi kai ƙara. Wanda aka cuta ya yi shiru ya ba da izini a cuci na bayansa.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, ga mu kanmu. Da yawa daga cikin masu saurarona 'yan kasuwa ne. Mu ne masu shayi da masu tireda da masu tsire a lungunan Ikko. Mu ne masu albasa da tumatir a Mil 12, masu wake da masara a Bodija. Babban jarin ɗan Arewa a Kurmi, tun kafin a yanka Sabon Badun a 1916, shi ne amana. Bayarbiya takan wuce shago uku ta zo wurin malam domin ta yarda da awonsa. Wannan suna ba mu muka gina shi ba, mun gada ne daga fataken goro da na shanu, kuma kwano ɗaya mai bugaggen gindi ya isa ya zubar da shi. In kaya sun yi maka tsada, gaya wa mai saye gaskiya, ka ƙara kuɗi, ka cika mudu. In kamfani ya rage kayan da kake sayarwa, kai ka fara faɗa masa, domin in ya gano da kansa ba kamfanin zai zaga ba, kai da ke gabansa zai zaga, ya haɗa da duk mai kama da kai. Baƙo a garin mutane ba ya ɗaukar laifinsa shi kaɗai.

Jama'a, tsada takan zo ta wuce. Dattawa sun ga ta Udoji a 1975, sun ga ta tsuke bakin aljihu a 1982, sun ga ta 1995 sa'ad da hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari. Amma mudun da aka tauye aka yi shiru, shi yakan zama mudun gobe, 'ya'yanmu su tashi su ɗauka haka girmansa yake tun asali. Saboda haka in kun koma wuraren nemanku, ku isar da wannan magana ga waɗanda ba su zo ba, a masallaci da tasha da teburin mai shayi.

 Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya.